Hayaƙin Roba a Ɗakin Jego

Kabo, ƙarshen damina.

Zuwa ga Gwaggona Sabuwa, a Nguru.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Baba Datti da yaran gida duka. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Ni ce Yelwa. Raliya maƙwabciyarmu ce ke rubutawa, ita da ta yi ajin yaƙi da jahilci, na ce ta sa yadda na faɗa kar ta gyara. Mutanen garinmu Jama'a suna lafiya. Baba ya zo suna, ya ce gyaɗarsa ta yi kyau bana, saura cira. Umma ma ta samu sauƙi, amma har yanzu ba ta iya ɗaga tulu, shi ya sa ban je gida wanka ba, nake yi a nan hannun Inna, uwar maigida.

Gwaggo, na sauka lafiya, mace ce. Amma ba lafiya nake miki wannan aike ba. Na gaji, wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji.

Kin san maigida yana Kano, kamfanin da ake yin takalman roba. Zuwansa na ƙarshe ya taho da buhu guda na yankakkiyar roba, irin wadda ake zubarwa, don ƙanensa Hammadu mai liƙin takalma a kasuwa. Aka jingine buhun a zaure. To ruwa bai ɗauke ba, itace duk a jiƙe, Inna ta sha wuya kafin wutar ruwan wanka ta kama. Ran nan ta jefa 'yar robar a murhu, sai ga wuta ta tashi, ta narke ta manne a itacen. Tun daga ranar ta ce Allah ne ya kawo mata sauƙi. Da ita take dafa ruwan wanka, da ita take hura wutar ƙarƙashin gado, ta ja ƙofa ta saki asabari, ta toshe taga da tsumma kar iska ta shige ni.

Hayaƙin ba irin na itace ba ne, Gwaggo. Baƙi ne, bakin wutar kore-kore, yana yankar maƙogwaro kamar an zuba barkono a garwashi. Ni babba idona ruwa yake yi, kaina ya yi ta juyawa. Tasoshin da kika jera mini da hannunki duk sun dushe, langunan kuwa bakinsu ya yi tsatsa. Nakan kwanta in dube su in ce, abin da ya ci ƙarfe haka, me yake yi a ƙirjin jaririya?

Yarinyar ta fara tari tun kafin suna. Yanzu in tana numfashi ƙirjinta lotsawa yake yi, da wata 'yar ƙara kamar ta ɗan tsako. Tana kama nono ta saki, don ba ta iya tsotso da numfashi tare. Da Inna ta ji tarin sai ta ce sanyi ne ya shige ta, ta ƙara wuta, ta ƙara robar. Tarin ya ƙaru, ta sake ƙarawa. Ba mugunta ba ce, ina rantsuwa. Matar nan tun da na haihu ba ta huta ba, ita ce kunun kanwa, ita ce wanki, bayanta har ya ƙage. So take yi, son ne zai kashe mini 'yata.

Na tuna wata hira da maigida ya taɓa yi mini. Ya ce a wurin aikinsu in roba ta ƙone a inji, buɗe ƙofofi ake yi a kori kowa waje, har wani abokin aikinsa ya taɓa faɗuwa aka fitar da shi a hannu. Na gaya wa Inna haka, kaina a ƙasa. Ta ce wancan aikin Nasara ne, wannan kuwa jego ne, ita ta yi wa mata da yawa wanka ba wadda ta kumbura. Da ta fita na zare tsumman taga, na ɗaga yarinyar wajen iska. Ta dawo ta same ni. Ta mayar da tsumman, ta ce ba ta taɓa ganin marar kunya irina ba, 'yar fari ce nake rungume da ita haka a gaban mutane. Matan gidan suka yi ta dariya, wai yaran zamani.

Na aika wa maigida ta bakin direban motar gyaɗa, shiru har yau, kuma ko ya zo ba zai iya musu da uwarsa ba. Baba ya ce maganar jego ta mata ce. Hammadu na roƙe shi ya ɗauke buhunsa, ya ce Inna ta mayar da shi ɗakinta. Arba'in da sauran nisa, buhun kuwa ko rabi bai yi ba.

Ke kaɗai ce za ki zauna da Inna tabarma ɗaya ki faɗa mata ta ji, ba tare da an ce raini ba ne. Ki karɓi wankan, ko ki tafi da mu Jama'a. Na san hanya da nisa, na san gwiwarki. Da ina da wani da ban taso ki ba.

Ki gaida Baba Datti, da Indo, da Bilki da maigidanta, da Nata'ala in ya dawo daga tasha. Raliya ma tana gaishe ki.

Ba a ba ki labarin suna ba, ni kuma bakina ba zai iya faɗa ba. Sunanki aka sa mata, Gwaggo. Ki zo ki ga takwararki tun tana numfashi.

Wassalam. 'Yarki mai jiran ki,
Yelwa.