Kafin Ku Raba Ƙungiya, Ku Gaya Mini Wa Zai Wanke Ni

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna garin Greensboro,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka fatan alheri kai da iyali. Ni ce Hajiya Rabi ta unguwar Glenwood, matar marigayi Malam Sani. Na rubuto a fili ne domin sau biyu ina ɗaga hannu a taro, ba a ba ni dama ba, kuma tsoro ya hana ni sukuni.

Na ɗaya. Tun da ka hau kujerar nan ba ka da zance sai na shugaban jam'iyyar 'yan kishin Scotland, wanda ka yi wa rabon takardun kamfe lokacin da kake karatu a can. Mun haddace tarihinsa: yadda ya shiga majalisa jam'iyyarsa ba ta da ƙarfi, yadda ake masa dariya in ya tashi magana, yadda ya dage a kan cewa mutanensa su riƙe al'amuransu da kansu, har ya nemi a jefa ƙuri'ar ware ƙasarsu. Ban raina mutumin ba. Amma ranar Lahadin da ta wuce, a gidanka na unguwar Sedgefield, ka ce mu ma za a jefa ƙuri'a bayan Sallar layya, 'yan Najeriya su ware daga 'yan Nijar da 'yan Gana.

Na biyu. Na sa jikata ta karanta mini takardar da kuka raba. An rubuta cewa sabuwar ƙungiya ta ɗan asalin Najeriya ce, kuma ita za ta riƙe filin maƙabarta. Alhaji, ni 'yar Maraɗi ce. Mijina Bakatsine ne, yana kwance a filin nan, kuma na daɗe da sa rai za a kwantar da ni kusa da shi. Takardar ba ta ce komai a kan irina ba.

Na uku, wanda ya fi tsorata ni. Mu uku ne kaɗai matan da muke wankan gawa a garin nan: ni, da Anti Memuna 'yar Kumasi, da Hajiya Talatu 'yar Zariya, wadda gwiwa ta hana ta tsayuwa mai tsawo. Maza ne suka rubuta takardar, shi ya sa ba wanda ya tuna da wannan. In an raba, ku kuna da fili da mai wanka ɗaya mara lafiya, mu muna da hannuwa babu fili. Yaranmu da aka haifa a nan ko yanka likkafani ba su iya ba.

Ba zan ɓoye maka ba, sau uku a mako nake hawa bas zuwa wankin ƙoda, kuma likita ya daina yi mini zancen shekaru. Ba mutuwar nake tsoro ba. Ina tsoron a bar ni a firjin asibiti ana gardamar ko ni ta wace ƙungiya ce.

Shi mutumin naka na Scotland, ko ya ci ƙuri'a ko ya faɗi, yana da ƙasar kakanninsa da za a binne shi. Ni nan ce kawai ta rage mini.

Don haka ina roƙonka, don Allah, a cire maƙabarta da kwamitin jana'iza daga wannan ƙuri'a, a rubuta hakan a takarda, ka sa hannu. Kuma a kira mu ukun nan mu yi magana kafin a jefa.

Allah ya ba ka ikon adalci, ya sa ka gama lafiya, ya jiƙan Hajiya mahaifiyarka. Ranar da ta rasu ni na wanke ta, Anti Memuna tana zuba mini ruwa, kuma ba ka tambaye mu fasfo ba.

Wassalam.

Hajiya Rabi,
Glenwood, Greensboro.