Tsarabar da Garba Ya Ƙi Rabawa

Yaya Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigida da yara, ya zafin Sakkwato? Mu nan Suleja sai godiya.

Ƙaninmu Garba ya dawo daga asibitin ƙwaƙwalwa. Ya rame, amma ya bar ƙwaya. Kin san Inna ta ce wa maƙwabta fatauci ya tafi Kano. Har alewa ta sayo a kasuwa, wai tsarabarsa. Da suka shigo yi masa sannu da zuwa, ya ture farantin ya ce, "Ba Kano na je ba. Ƙwaya ta taɓa min kai, magani na je nema." Inna ta shige ɗaki tana kuka.

Ki gaida mutanen gida, ki sa Inna a addu'a. Garba yana fita masallaci, ita ce har yau ta kasa leƙa ƙofar gida.

Ƙanwarki,
Ladi