Sunanka a Jikin Akwatin Bature

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Damina biyu ke nan da muka kai ka, sai yau hannuna ya yarda ya ɗauki alƙalami.

Wani Bature ya zo allurar shanu a garin Paki, mutumin wata ƙasa mai sanyi da ake kira Danmak. Ni ke yi masa tafinta, da ɗan Turancin da na tsinta a tsofaffin jaridu. A jikin akwatinsa an rubuta Hansen. Ka san bakina ba ya zama wuri ɗaya. Na tambaye shi ko sunan garinsu ne, ya ce a'a. Hans sunan mutum ne, sen kuwa ɗa. A can haka suka gada, a liƙa wa yaro sunan ubansa ya yi ta yawo da shi, har hukuma ta ce kowane gida ya tsaya kan suna ɗaya. Hans ɗin ma, in ji shi, guntun sunan Annabi Yahaya ne a bakinsu.

Ɗan Yahaya, Baba! Mutumin da bai san ma wane kakansa ne Hans ɗin ba, shi ke yawo da sunanka a akwati. Ni da ka haifa fa?

Ni ɗan fari ne, kunya ta cinye mu. Ba ka taɓa kiran sunana ba, kullum "kai, yaron nan." Ana yaye ni aka miƙa ni ga Baffa a Makarfi. In ka zo cin kasuwa ka gaida kowa, har jakin gidan ka tambayi lafiyarsa, ni kuwa ka bi ta gefena. Wai kawaici ne. Kawaicin me? Wallahi na sha jin haushinka.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci malam ya ce sunan uba, harshena ya ƙi. Na ce Kudan, sunan garinmu. Takarda ta fito Audu Kudan, sai ka ce gari ne ya haife ni.

Amma na san mai jingine sandar rake a dangar Baffa duk ranar kasuwa. Ban taɓa godiya ba. Da na yi, da ka musa.

Jiya a ofishin Ikara za a sa ni cikin ma'aikata, akawu ya ce cikakken suna. Na buɗe baki, har yanzu ba ya fita. Sai na fizgi alƙalaminsa na rubuta da hannuna. Ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi, Audu Yahaya. Na waiga ko akwai wanda ya san mu. Ba kowa, sai masinja yana hamma.

In rashin kunya na yi, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a inda za ka iya kirana.

Naka,
Audu