Kwalaben da Ka Aiko wa Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya ƙara rufa asiri. Mu nan yara lafiya lau, mai gidana ma ya warware daga zazzaɓi ya koma aiki. Inna ce ba lafiya, kuma saboda ita na rufe keken ɗinki na zauna rubuta maka, don in na kira ka a waya ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Maganar kwalaben nan ce da ka aiko mata, masu ƙwayoyin garin nan rawaya da ka ce daga saiwar wata bishiya ake ciro shi. Ka bi su da saƙon murya kana zuba kamar mai tallar magani a tasha, wai yana saukar da suga, yana narkar da kitsen jini, yana rage teɓa. Har ka ce wani abokin aikinka ya daina zuwa asibiti saboda shi. To, wannan kaɗai Inna ta riƙe. Ta tattara maganin likita ta cusa ƙarƙashin katifa. Naka ma ba haɗiyewa take yi ba, ɓare ƙwayar take ta zazzage garin a tafin hannu ta lashe, wai sai ta ji ɗacin a harshe take yarda yana aiki.

Ban farga ba sai da ɗan ciwon da ke yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa, ya fara wari. A asibiti aka gwada, suga ya hau sosai, likita ya yi mini wani kallo kamar ni na hana ta magani. Na nuna masa kwalbar. Bai kushe ta ba. Ya ce wasu na ɗan jin amfaninta, amma ba ta maye gurbin maganin Inna, kuma ko haɗa su ba a yi sai da sanin likita. Ya ce in Inna ba ta koma kan maganinta ba, za a yanke yatsan, ƙila ma abin bai tsaya nan ba.

Ni ke wanke ciwon nan safe da yamma, ni ke riƙe ta zuwa bayi. Amma da na ce ta koma wa maganin likita, sai ta ce kishinka nake yi, autanta ba zai aiko mata abin da zai cuce ta ba. Raina ya ɓaci, Auta, kuma da kai nake fushi. Kana can nesa ka mai da kanka likita, mu ka bar mu da wari da zaman layi. Ka kira ta, ba saƙon murya ba, ka faɗa mata da bakinka ta koma kan maganinta. Tawa ba za ta ji ba, taka kuwa ko a tsakiyar barci ta ji ta za ta miƙe.

Ka gaishe mini da matarka da 'yan biyu. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ma ta ce in faɗa maka ta samu sauƙi sosai, ka ƙaro mata kwalba. Na isar da saƙonta. Jibi likita zai sake duba yatsan, kuma har yanzu ba ta taɓa maganinsa ba.

Yayarka.