Na'urar da Baba Zai Ji da Hannunsa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da ɗan jaririn da har yau a hoto kaɗai muka san shi. Allah ya raya shi, ya ƙara muku lafiya, ya sa aikin sito bai fi ƙarfin bayanka ba. Mu nan alhamdu lillahi. Kaka tana nan da ƙafarta, kullum da safe sai ta yi mata faɗa kafin ta yarda ta taka ta. Ta ce in gaya wa mijinta da ya gudu ya bar ta, wato kai, cewa haƙurinta ya kusa ƙarewa, in bai dawo ba za ta saurari mai gyaran rediyo na bakin layi. Goggo ta zo ta ɗan kwana biyu ta koma, gidan ya sake yin shiru.

Yaya, abin da zan faɗa maka ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Kaka. Kunnen Baba yana tafiya. Shi ya sa na yi shiru ranar da ka tambaya a waya wace na'urar neman zinare za ka saya masa, tunda tsohuwar ta gaji. Wayar tana hannunsa, ya ƙure mata murya har maƙwabta suna ji, kuma ka san ni da kunyar magana a gaban mutane. Sai na ga gara in rubuta in ba direban babbar motar nan da ke zuwa wajenku. Ka yi haƙuri da rubutuna, tun da na gama firamare alƙalami bai cika zama a hannuna ba.

Da farko ruwa da abinci kawai nake kai masa filin haƙa. Ba wanda ya aike ni, gidan ne ya yi mini faɗi. Ƙawayena sun tafi makarantar kwana, ɗakinka a rufe, in na shiga shara sai in ji takuna yana amsawa. Baba kuma tun rasuwar Inna in ya dawo sai ya wanke ƙafa, ya ci abinci, ya jingina da bango yana kallon ƙofa. Wata rana a filin ya cire abin sauraren da ake sawa a kunne, ya ce zufa tana sa shi ƙaiƙayi, in saka in biyo shi a baya in riƙe masa wayar da ta haɗa shi da na'urar kada ta harɗe da ƙaya. Ban yi nisa ba na gane ba ƙaiƙayi ba ne. Na ji na'ura ta yi kira a fili, shi kuwa ya wuce abinsa. Ban san yadda zan ce masa ba, sai na ɗan ja wayar. Ya tsaya, ya dawo da farantin da ke bakin na'urar baya, ya ce shi ma ya ji kamar akwai wani abu a nan. Tun daga ranar haka muke aiki. Shi yana share ƙasa da faranti, ni ina jan waya. Bai taɓa cewa ba ya ji ba, ni ma ban taɓa cewa na sani ba.

Ka san ƙasar wurin, amma ka daɗe, bari in tuna maka. Ja ce, cike da ƙarfe, in ka ja mayen ƙarfe a cikinta sai ya fito da gemu na baƙin yashi. Ga waɗannan duwatsun da masu haƙa ke kira maƙaryata, waɗanda ke sa na'ura ta yi ihu kamar an samu arziki, a haƙa a tarar ba komai sai dutse. Tsohuwar na'urarmu a kan irin wannan ƙasa kuka take yi ba tsayawa, kamar ɗan akuyan da aka raba da uwarsa. A cikin wannan kukan ake tsinto muryar zinare, gajeriya ce mai taushi, kamar wanda ya yi sallama a hankali daga bayan ƙofa. Sauran masu haƙa sun fara lura da mu. Dogo, wanda raminsa ke kusa da namu, in ya hango mu sai ya ce ga mai na'ura nan da jelarsa. Baba ya ce masa jelar ta fi kan wani amfani, aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma na ga yadda Baba ya matse mariƙin na'urar.

Da ka ce a zaɓa, Baba ya je wurin Mai Haya, mutumin da ke ba masu haƙa aron na'urori a ƙarƙashin rumfar kwano, ya roƙe shi mu gwada guda biyun da ake magana a kansu, babba da ƙarama. Mai Haya yana da yadda yake gwaji. Akwai ɗan zinare kamar ƙwayar shinkafa da ya rufe a kwalbar magani ya ɗaura mata zare. Sai ya sa mutum ya juya baya, ya binne kwalbar a wuri mafi munin ƙasa, bayan tsofaffin ramuka, ya ɓoye zaren, ya ce a nemo. In an samu ya ƙara zurfi. Mutane suka taru kallo, ni kuma ina bayan Baba kaina a ƙasa.

Babbar aka fara gwadawa. Gaskiya, Yaya, na'ura ce. Da aka kunna ta a kan jar ƙasar nan sai ta yi tsit, ba kuka ba ihu, sai wani siririn amo da ke tafiya daidai kamar sauro a nesa. Yawancin maƙaryatan duwatsun ta wuce su ko kallo ba ta yi musu ba. Da Mai Haya ya canza kwalbar da wata mai ɗan babban gutsure ya binne ta kusan kamu guda, ta jiyo ta. Amma tana da nauyi, sai an rataya ta da ɗamara a kafaɗa, ga batir a ƙugu. Kuma ba ta bambanta ƙusa da zinare, kowane ƙarfe kira ɗaya take masa, sai an haƙa a gani. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta nuna komai a ido. Duk maganarta a kunne take, kuma in abin yana da zurfi ba ta kira, siririn amon nan ne kawai zai ɗan lanƙwasa ya koma. Ni da kaina sai da na riƙe numfashi kafin na ji shi. Baba ya bi ta kan kwalbar ya wuce, na ja waya, ya dawo. Mutane suka ce kai, tsohon hannu daban ne.

Ƙaramar kuwa ba ta da wannan natsuwar. Sai an yi ta ɗaga farantinta ana saukewa ana danna maɓalli kafin ta saba da ƙasar wurin, in an matsa gaba ƙasa ta canza, a sake. Maƙaryatan duwatsu suna ruɗinta wani lokaci. Zurfinta bai fi taƙi ɗaya da ɗan wani abu ba, abin da ya wuce nan sai dai a bar wa mai babba. Amma a kan 'yan ƙananan gutsattsari na sama-sama ta fi babbar kaifi, ba ta da nauyi, kuma tana da ɗan gilashi a gaban mariƙi da ke nuna ko baƙin ƙarfe ne ko wani abu daban. Sannan mariƙinta yana rawa a tafin hannu in ta samu abu. Mai Haya ya ce don masu aiki a wurin hayaniya aka yi haka. Ita ba a ba ni waya na riƙe ba, na tsaya gefe hannuna ba komai. Baba ya tafi, ya dawo, ya tsaya a kan wani dutse, ya duba gilashin, ya ture dutsen da ƙafa ya ci gaba. Can sai na ga ya tsaya cak. Ya mayar da farantin hagu, ya mayar dama, ya durƙusa ya tono zaren da yatsansa. Ba wanda ya ja shi, Yaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, rabon da in ga fuskarsa haka tun kana gida.

Sai Dogo ya ce ai wannan sandar makafi ce, ta yara da masu koyo. Nan take Baba ya miƙa wa Mai Haya ita, ya ce kayan wasa ne, namiji babba yake ɗauka. A hanyar gida yana gaba ina baya, na ga yana ta buɗe tafin hannunsa na dama yana rufewa. Da muka kai ƙofa, bai juyo ba ya ce, "Ki gaya wa yayanki babbar."

Na so in bi maganarsa, kuma ba don biyayya kaɗai ba. In ka sayi babbar, Baba ba zai iya fita ba sai da ni. Filin nan kuwa shi ne kaɗai wurin da yake yi mini hira. In mun zauna a inuwa cin abinci yakan ba ni labarin ramin da ya fara haƙawa, da yadda Inna ta yi masa dariya ranar da ya kawo murfin kwalba a ƙulle cikin hankici yana tsammanin ya yi arziki. Wani lokaci yakan tambaye ni ko na gaji. A gida ba ya tambaya. Wayar nan da nake riƙewa, ban san yadda zan ce maka ba, in tana hannuna nakan ji akwai wanda nake tare da shi.

Amma akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ya fita shi kaɗai. Rana ba ta kai tsaka ba ya dawo, ya ce wa Kaka batir ne ya mutu. Ya ajiye na'urar a bayan ƙofa ya zauna a kan benci har la'asar, digarsa a tsakanin ƙafafunsa ko ƙasa ba ta taɓa ba. Da na samu ƙarfin tashi na duba, batirin a cike yake. Mutumin da ya yi shekaru yana ciyar da gida da wannan aikin, yau zazzaɓin yarinya ya zaunar da shi. Ni ba kullum zan kasance lafiya ba, kuma ba na so ranar da Dogo da sauransu za su gane abin da jelar take yi ta zo.

Don haka, Yaya, ka sayi ƙaramar. Na san ba za ta kai inda babbar ke kaiwa ba, na san akwai zinaren da za mu bari a ƙasa wani ya zo ya ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tabbata mariƙinta yana rawa, don Mai Haya ya ce ba duk masu kama da ita ke yi ba, ka sa mai shagon ya kunna ka riƙe da hannunka. In akwai ƙaramin faranti na canji ka haɗa da shi, an ce ya fi haƙuri da ƙasa mai ƙarfe. In Baba ya yi faɗa, ka ce masa saboda kafaɗarsa ka zaɓa, ko ka ce ita ka samu. Don Allah kada ka ambaci kunne, kada kuma ka ce na rubuto. Zai yi fushi na kwana biyu, na san shi, sannan zai ɗauka.

Ban gaya masa ba, amma na riga na yanke. In ta iso zan bi shi 'yan kwanaki har hannunsa ya saba da ita, ya koyi karanta gilashin. Daga nan zan ce ƙafar Kaka ta matsa, tana bukatar wani a kusa. Zan ɗaura masa abincinsa tun da safe ya tafi da shi, ni in zauna gida.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce na gode da ɗankwalin, yana nan ban fara ɗaurawa ba. Ka shafa mini kan jariri. In kana haɗuwa da Kawu Ƙarami da iyalinsa ka isar musu da gaisuwata. Kaka tana gaishe ku, Goggo ma ta bar sallahu. In ka samu sarari ka rubuto mini ko layi biyu ne ta hannun direban, da sunana a bayan ambulan. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta