Yaya Sule, Ka Mai Da Motar Nan Kano

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Hajara da yara, ina rubuto maka ne daga Birnin Kudu, kuma hankalina ba a kwance yake ba.

Na aika maka saƙo ta bakin direban da ke zuwa wurinku Gwaram ranar kasuwa, ka ce ka ji. Na san wannan "na ji" taka tun muna yara. Shi ya sa wannan karon na rubuta inda kowa zai karanta.

Kullum rediyo sai ta maimaita sanarwar: kamfani na kiran duk ƙananan motoci irin taka, wai akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin sitiyari da ke iya ballewa ana cikin tafiya. Za su canza shi kyauta a Kano. Masu irin motar a nan duk sun tafi. Saura kai.

Ka tuna ranar da Alhaji surukinka ya ba ka ita, da ka zama malamin gona? Unguwa ta cika, kowa na shafa ta. Kai kuwa ko ɗaga ido ba ka iya yi ba, sai aboki ka tura ya yi maka godiya.

Ka tuna kuma a hanyar garin Sara, ina zaune a baya, sitiyarin ya kama rawa a hannunka, motar ta zame cikin gonar dawa. Inna ta ce bakin mutane ne. Aka yi sadakar waina, aka rataya laya a madubi, muka ce an gama. Ashe ƙarfe ne, Yaya.

Na san abin da ya riƙe ka. Kana gudun a ce ka raina kyautar suruki, ka mai da ita tun ba ta tsufa ba. To, kunya taka ce, ba tawa ba. Jiya na yafa mayafi na je gidan Alhaji da kaina, na durƙusa na faɗa masa komai.

Ashe ya riga mu jin sanarwar. Ya rasa yadda zai aiko maka ne, kar ka zaci kyautarsa yake so ya karɓe. Dattijo har ya rame. Ya ce duk ranar da ya ji za ku taho, a ƙofar gida yake wuni yana kallon hanya, ko abinci ba ya iya ci.

Kai kana jin kunyarsa, shi yana jin taka, 'yarsa da jikokinsa kuma suna cikin motar. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Na ji Juma'a za ku zo sunan ɗan Kawu. Don girman Allah ka sa Hajara da yara a motar haya, kai ma ka shiga tare da su. Taka kuma a ɗora ta a bayan babbar mota zuwa Kano, ko kai kar ka ƙara tuƙa ta. In mutanen Gwaram sun yi magana, ka ce ƙanwarka ce ba ta da kunya. Na yarda.

Allah ya tsare hanya, ya sa in ga kun sauko a tasha da ƙafafunku, ku duka.

Ƙanwarka da za ta tsaya jiranku a tasha,
Binta