Cikin Kili

Nahuce, Bunguɗu
4 ga Janairu, 1998

Zuwa ga ƙanena Tajuddeen, malamin dabbobi a Gusau,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Habiba. Bayan haka, goɗiyar Kawu Yahaya na Tsafe ta yi ɓari, ita ce ta uku a gidansa. Ya aiko cewa zai kawo ta nan a sauya mata turke, kamar yadda aka saba in gida ya ƙi dabba. Na ce bismilla. Zan ɗaure ta kusa da Kili, goɗiyar da Baba ya bar mana, wadda cikinta ya shiga wata tara. Aiko da maganin ƙarin jini.

Yayanka,
Labbo

Gusau
7 ga Janairu

Yaya Labbo,

Ina gaishe ka da girmamawa. Don Allah kada ka haɗa su! Tun kafin wasiƙarka ta iso na je Tsafe, mun aika da jini an gwada. Wata ƙwayar cuta ce da ba mu cika gani ba, tana bin majina da ruwan ɓari ta kashe ɗa a ciki, ba mu kuwa da allurarta. Kili ta tsufa, wannan cikin ne na ƙarshe. In ya zube, irin dokin Baba ya ƙare.

Ƙanenka,
Tajuddeen

Nahuce
19 ga Janairu

Tajuddeen,

Bayan gaisuwa, kai dai ka iya jefa mutum cikin kunya. Kawu ya zo da kansa. Ban iya korarsa ba, sai na kafa wa goɗiyarsa turke can bayan gona, da bokitinta daban. Duk sanda na taɓa ta ina wanke hannu da sabulu kamar mai shirin tuƙa tuwo, 'yan gari na ta dariya. Kawu ya ƙi cin abincinmu, ya ce na mai da dabbarsa kuturwa. Wallahi raina ya ɓaci, amma ban janye ba.

Labbo

Nahuce
11 ga Maris

Ɗan'uwa,

Gaisuwa a gurguje. Alhamdu lillahi, Kili ta haihu jiya da hantsi! Duƙushi ne, da farin goshi sak na kakansa, dokin Baba. Ya faɗi sau biyu, na uku ya miƙe ya kama nono. Ni da furfurata na zauna na yi kuka.

Kawu ya aiko da damin dawa na barka. Ya ce kuma in tambaye ka, wane irin sabulu ne?

Yayanka,
Labbo